Daga Midil ta Bauchi Zuwa Landan: Tafiyar Malamanmu a 1945 da 1946

Duk wanda ya taɓa riƙe takardar Naira biyar ya san fuskar da ke jikinta, haka kuma duk wanda ya taɓa sauka ko tashi a filin jirgin saman Kano ya san sunan da aka raɗa wa filin. Abin da yawancin 'ya'yanmu da aka haifa a Legas da Kaduna da Abuja da Fatakwal ba su sani ba shi ne, waɗannan bayin Allah biyu, marigayi Alhaji Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa da marigayi Malam Aminu Kano, Allah Ya jiƙansu da rahama, sun yi aikin koyarwa a makaranta ɗaya a cikin garinmu na Bauchi, kuma daga wannan makaranta aka ɗauke su, ɗaya bayan ɗaya, aka tura su birnin Landan domin su ƙaro ilmin koyarwa. Mun saba jin tarihinsu daga bakin 'yan siyasa. A wannan karon mun ga ya dace mu bi sawunsu a matsayinsu na malaman makaranta, mu ga yadda tafiyar ta kasance, da abin da ta jawo wa ƙasa, da kuma abin da ta raba Bauchi da shi.

Kafin tafiya

Ilmin boko ya shigo Arewa a makare, kuma da taka-tsantsan. A 1909 ne Hans Vischer, wanda mutanen Kano suka laƙaba wa suna Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa. Sai a 1921 aka fara karatu a Kwalejin Horon Malamai ta Katsina, wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a hukumance a watan Maris na 1922. Ita ce makaranta mafi girma da ɗan Arewa zai iya shiga a ƙasarsa, kuma aikinta shi ne ta samar da malaman da za su koyar a makarantun larduna, waɗanda aka mayar Midil wajen 1930. Yaro ya gama Elemantare, ya gama Midil, in ya yi sa'a ya tafi Katsina ya yi shekara biyar, sannan ya dawo lardinsu ya kama alli. Nan tsanin ya ƙare. Manyan muƙaman ilmi kuwa, irin su jami'in ilmi na lardi, duk a hannun Turawa suke.

Wannan tsani Malam Abubakar ya hau. An haife shi a 1912, ya yi karatun farko a garin Tafawa Ɓalewa, ya zo Bauchi, sannan ya shiga Katsina a 1928 ya fito a 1933. Da dawowarsa ya fara koyarwa a Midil ta Bauchi, kuma a wannan tsakanin ne ya rubuta littafinsa Shaihu Umar domin gasar ƙagaggun labarai da Dokta Rupert East ya shirya. Ya yi shekara goma sha biyu yana aikin makarantar, har ya kai ga zama hedimasta. Mu lura da wannan adadi, domin mutumin da duniya ta sani da Firayim Minista ya fi daɗewa a Midil ta Bauchi a kan yadda ya daɗe a kujerar Firayim Minista.

Shi kuwa Malam Aminu, Bakano ne, ɗan gidan malamai da alƙalai, an haife shi a 1920. Lokacin da ya isa shiga kwaleji, an riga an fara shirin dawo da ita Kaduna, inda ta koma a 1938. Da ya gama a 1942 sai aka turo mana shi Bauchi. A nan ya tarar da Malam Abubakar a makaranta, a cikin gari kuma ya tarar da Malam Sa'adu Zungur, wanda ya riga ya je Babbar Kwalejin Yaba a 1934, ya yi aikin koyar da ma'aikatan tsabta a Zariya, ya dawo gida da rashin lafiya da kuma kaifin harshen da bai taɓa dakushewa ba. A zamanin Sarki Yakubu na Uku, wajen 1943, aka kafa wani zauren tattaunawa a Bauchi inda malamai da ma'aikatan En'e da Turawan mulki ke zama su yi muhawara. Da tambayoyin matasan suka fara zafi sai aka rufe zauren, su kuma suka kafa ƙungiyarsu ta neman kyautata rayuwar jama'ar Bauchi. Mun kawo wannan ne domin kada wani ya ɗauka cewa a Landan idon malamanmu ya fara buɗewa. Da tambayoyinsu suka tafi.

Abin da ya sa aka buɗe ƙofa

Kafin 1945 'yan Arewa da suka taka ƙasar Ingila ba su da yawa. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya je a 1921. Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu da Sarkin Kano Abdullahi Bayero da Sarkin Gwandu Usman sun je a 1934. Dokta Barau Dikko ya yi karatun likita a Birmingham. Malam Abubakar Imam, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya je a 1943 cikin ayarin 'yan jaridun Afirka ta Yamma, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Amma a kwashi malaman Midil a tura su jami'a su zauna shekara guda, wannan sabon abu ne.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya sauya lissafi. Ingila ta fito daga yaƙin a gajiye, da bashi a wuyanta, ga kuma 'yan ƙasashen da take mulka sun fara tambayar ranar da za a sakar musu mara. A 1945 majalisarta ta zartar da dokar raya ƙasashen mulkin mallaka, wadda ta ware fam miliyan 120 na shekara goma. A Nijeriya, ma'aikata sun yi yajin aikin gama-gari daga watan Yuni zuwa Agusta na wannan shekara, kuma Gwamna Arthur Richards yana shirya sabon tsarin mulki da zai kafa majalisar Jihar Arewa a Kaduna, ya kuma kai 'yan Arewa majalisar dokoki su zauna da 'yan Kudu a karon farko. Sai Turawa suka waiga suka ga Kudu cike da lauyoyi da likitoci da 'yan jarida, Arewa kuwa ba ta da kowa sai 'yan tsirarun da Katsina ta yaye. Shekara arba'in suna jan ƙafa a kan ilmin Arewa, sai ga shi sun zo suna fafe gora ranar tafiya. A ra'ayinmu babu laifi a gode musu a kan guraben karatun da suka bayar, amma a tuna cewa larura ce ta sa su.

Malam Abubakar yana cikin rukunin farko da ya tafi a 1945, bayan ya ci jarrabawar babban satifiket na malanta. Malam Aminu ya bi baya a rukuni na biyu a 1946.

Hanya

Matasanmu da ke kwana a Abuja su wayi gari a Landan za su yi mamakin yadda hanyar take a wancan zamani. Babu jirgin ƙasa a Bauchi. Akwai dai wani ƙaramin layin dogo da Turawa suka sa wa sunan Bauchi, wanda ya tashi daga Zariya zuwa Jos da Bukuru saboda kuza, ya yi aiki daga 1914 zuwa 1957, amma har aka tumɓuke shi bai taɓa zuwa garin da aka ara sunansa ba. Jirgin ƙasa na gaske bai iso mana ba sai a farkon shekarun 1960, lokacin da aka ja layin Barno, kuma a lokacin tsohon hedimastan Midil ne ke riƙe da gwamnatin tarayya. Saboda haka matafiyi a 1945 sai ya hau babbar mota ya yi mil 80 zuwa Jos a kan hanyar burji, daga nan ya shiga jirgin ƙasa ta Kafanchan da Kaduna, ya haye Kwara a Jebba, ya sauka Ikko. Hanyar da aka saba bi daga Ikko ita ce ta jirgin ruwa, kusan mako biyu ana tsayawa a tashoshin gaɓar Afirka ta Yamma kafin a isa Liverpool. Magidanci ne zai bar iyalinsa shekara guda, babu tarho, sai wasiƙa da ke yin makonni a hanya.

Landan da suka tarar

Makarantar da aka tura su ita ce Cibiyar Nazarin Ilmi ta Jami'ar Landan. Tana da sashe na musamman da aka kafa a 1927 domin horar da Turawan da za a tura aikin ilmi a ƙasashen mulkin mallaka, kuma a shekarun da muke magana Dokta Margaret Read ce ke shugabantarsa, mace masaniyar al'adun al'umma da ta yi bincike a tsakanin ƙabilar Ngoni a ƙasar da ake kira Malawi a yau. Ma'ana, malamanmu sun shiga ajin da ake horar da iyayen gidansu. Ɗan Hausa kuwa, wanda ya yi shekaru a Landan yana sakataren kwamitin ba da shawara kan ilmin ƙasashen mulkin mallaka, ya rasu a watan Fabrairu na 1945, watanni kaɗan kafin jikokin makarantarsa su iso.

Karatun na shekara ɗaya ne: dabarun koyarwa, halayyar yara, tsarin tafiyar da makaranta, da kuma fita zuwa makarantun Ingila domin gani da gwaji. Wannan ɓangare na ƙarshe shi ne muke ganin ya fi kowanne tasiri. Mutumin da bai taɓa ganin Bature ba sai Razdan da Di'o da jami'in ilmi, waɗanda ake cire musu takalmi, sai ga shi a gaban aji cike da 'ya'yan leburori Turawa, wasu da yagaggen takalmi, iyayensu suna bin layin burodi. Gani ya kori ji.

Ba a cikin daula suka tarar da birnin ba. Unguwanni da dama bama-baman Jamus sun mayar da su kufai. Nama da sukari da man shanu da ganyen shayi da tufafi duk da takardar rabo ake sayensu, kuma a watan Yuli na 1946 aka ƙara burodi a cikin jerin, abin da ko a tsakiyar yaƙi ba a yi ba. Rukunin Malam Aminu ne suka gamu da sanyin farkon 1947, wanda ya fara daga ƙarshen Janairu har zuwa Maris, dusar ƙanƙara ta toshe hanyoyi, gawayin kwal ya yi ƙaranci, aka riƙa ɗauke wuta na sa'o'i a kowace rana. Mai karatu ya auna mutumin da iyakar sanyin da ya sani shi ne hunturun Bauchi. Ga Musulmi kuma akwai nasa ƙarin nauyin. Masallatai a yankin Landan a lokacin ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba: akwai tsohon masallacin Woking na 1889 a wajen gari, akwai wasu gidaje da aka mayar masallaci a gabashin birnin a 1941, sai cibiyar Musulunci da Sarki George na Shida ya buɗe a 1944, wadda ba a kammala babban masallacinta ba sai 1977. Azumin 1947 ya faɗo a Yuli zuwa Agusta, lokacin da rana ke yin sa'a goma sha biyar ko fiye ba ta faɗi ba.

Sai dai a fagen tunani, babu lokacin da ya fi wannan. A watan Yuli na 1945 talakawan Ingila suka kayar da Winston Churchill, mutumin da ya jagorance su suka ci yaƙi, suka ɗora Clement Attlee na jam'iyyar Leba, kuma Churchill ya tattara ya sauka ba tare da an harba ko bindiga ɗaya ba. Dokar ilmi ta 1944 ta mayar da karatun sakandare kyauta a makarantun gwamnati, a 1947 kuma aka ɗaga shekarun barin makaranta zuwa goma sha biyar, duk da ƙasar ba ta da isasshen burodi. A Oktoba na 1945 aka yi babban taron 'yan kishin Afirka a Manchester, inda Kwame Nkrumah da Jomo Kenyatta suka halarta. Indiya ta sami 'yancin kai a watan Agusta na 1947. Duk wannan a kan idonsu ya faru, ko a jaridun da suke karantawa kowace safiya.

Abin mamaki shi ne yadda mutum biyu daga makaranta ɗaya suka ga gari ɗaya, kowa ya ɗauko darasi dabam. Malam Abubakar, mutum mai natsuwa da auna magana, abin da ya fi burge shi shi ne bin doka da oda da kuma yadda mutane ke zaune babu tsoron mai mulki, kuma daga baya ya bayyana cewa da sababbin idanu ya dawo gida. Malam Aminu kuwa ya kutsa cikin 'yan gurguzu na jam'iyyar Leba da ɗaliban sauran ƙasashen da ake mulka, ya ga yadda ƙungiyoyin ma'aikata ke tilasta wa hukuma ta saurare su. Ya ƙetara Faransa zuwa taron 'yan sikawut na duniya na 1947, ya kuma ba da labarin tafiyarsa a littafinsa Motsi Ya Fi Zama. Tun yana can ya fara tattara 'yan uwansa malamai a kan shawarar kafa ƙungiya.

Dawowa

Malam Abubakar ya dawo a 1946, aka ba shi aikin kula da makarantun En'e ta Bauchi, amma kafin ya zauna da kyau sai aka zaɓe shi zuwa sabuwar majalisar Arewa, daga can kuma aka tura shi majalisar dokoki ta ƙasa a 1947. A jawabansa na farko bai ɓoye shakkunsa a kan haɗin kan Nijeriya ba, kuma sai da ya yi wata tafiyar zuwa Amurka a 1955, domin nazarin sufurin jiragen ruwa a kogin Mississippi, sannan ya sauya ra'ayi. Malam Aminu ya dawo Bauchi ya ci gaba da koyarwa, a 1948 kuma Ƙungiyar Malaman Arewa ta tsaya da ƙafarta, wadda ita ce ta fara haɗa 'yan bokon larduna daban-daban a inuwa ɗaya kafin jam'iyyun siyasa. Hukuma ba ta ji daɗin take-takensa ba, a 1949 aka ɗauke shi daga Bauchi aka kai shi makarantar horon malamai ta Maru a lardin Sakkwato.

Watan Agusta na 1950 ya isa a tsaya a kansa. A ranar 8 ga watan aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda Malam Aminu ya ajiye aikin gwamnati a watan Nuwamba ya shiga, daga baya ya zama shugabanta. A cikin wannan watan ne kuma Malam Abubakar ya miƙe a majalisar Kaduna ya gabatar da ƙudurin a binciki tsarin mulkin En'e baki ɗaya, ya yi magana a kan cin hanci da danniya da kuma yadda aka mayar da talaka ba a bakin komai ba. Sarakuna da dama ba su ji daɗi ba, amma an kafa binciken, kuma daga cikinsa aka kawo gyare-gyaren da suka ɗaure sarki da majalisarsa, har zuwa dokar En'e ta 1954. Masu son su nuna mana cewa ɗaya ɗan sarakuna ne ɗaya ɗan talakawa, sai su sake duba wannan wata. Cutar da suka gani ɗaya ce, a kan magani suka rabu: ɗaya yana ganin a gyara gidan ana ciki, ɗaya yana ganin sai an sauke jinka.

Abin da ya biyo baya sananne ne. Malam Abubakar ya zama Ministan Ayyuka a 1952, ya riƙe sufuri, ya zama Firayim Minista a 1957, aka kashe shi a juyin mulkin Janairu 1966, aka kawo shi gida Bauchi aka binne. Malam Aminu ya rayu har 17 ga Afrilu 1983.

Ajin da aka bari

Akwai wani ɓangare na wannan tarihi da ba a cika faɗa a wajen taron tunawa ba. An tura mutanen nan ne domin su dawo su inganta koyarwa, amma shekara biyar bayan tafiyar farko babu ko ɗayansu a cikin aji. Haka abin ya kasance a duk faɗin Arewa. Sardauna Ahmadu Bello malamin Midil ta Sakkwato ne, Alhaji Shehu Shagari malami ne, Sa Kashim Ibrahim malami ne. Da ƙasa ta buƙaci ministoci da manyan sakatarori da jakadu, babu rumbun da za a ɗiba sai na malamai, aka kuwa ɗebe shi har ƙasa. Ba mu ga laifinsu ba, domin da ba su amsa kiran ba da Arewa ta shiga 'yancin kai babu mai magana da yawunta. Amma tun daga lokacin yaron Arewa ya fahimci cewa malanta mashiga ce, wanda ya yi sa'a wucewa yake yi, kuma mu da muke zaune a birane mun san adadin waɗanda suka fara da alli a cikinmu suka ƙare a banki ko kwastan ko ma'aikatar gwamnati.

Giɓin ya fito fili a 1976, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Bauchi, lokacin da gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta. An yi tsammanin yara miliyan 2.3 a aji ɗaya, sai kusan miliyan 3 suka zo, aka shiga horar da malamai cikin gaggawa, wasu aka ba su aji tun ba su gama koyon abin da za su koyar ba.

Landan ba ita kaɗai ce alƙiblar masu neman ilmin koyarwa ba. A 1954 gwamnatin Arewa ta tura malaman Arabiyya zuwa cibiyar horon malamai ta Bakht er-Ruda a bakin Farin Nilu a Sudan, cikinsu har da Malam Abubakar Gumi, wanda ya yi koyarwa a Maru tare da Malam Aminu. Daga baya kuma ruwa ya juya. A 1987, zamanin Janar Babangida, Ministan Harkokin Waje Farfesa Bolaji Akinyemi ya kafa shirin tura ƙwararrun Nijeriya aikin taimako na shekara biyu a ƙasashen Afirka da Karebiyan da tsibiran Fasifik, kuma malaman makaranta suna cikin waɗanda aka fi nema. Shekara 42 ke nan bayan tafiyar hedimastan Midil. Shekara guda bayan haka, a 1988, aka sa sunansa a jami'ar tarayya da ke Bauchi. Ita kuwa cibiyar da ta karɓe su a Landan tana nan tana horar da malamai, sai dai tun watan Disamba na 2014 an haɗe ta da kwalejin UCL.